Akwatin Wasiƙu: Gimbiyar da Aka Kayar a Garinsu

Layi biyu kacal na rubuta a kan Jackie Nava, 'yar damben ƙasar Meksiko, a fitowar da ta gabata, sai ga wasiƙu kamar na taɓo gidan rina. Wasu tambaya suka zo da ita, wasu kuwa faɗa. Na tsamo shida. Na rage musu tsawo, amma ban taɓa ma'anar kowa ba.

"Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. Ban taɓa sanin mata suna damben zamani har su ci kambun duniya ba. Wace ce wannan Jackie Nava, kuma da gaske ne ita ce mace ta farko da ta ɗaura ɗamarar WBC?"

Da gaske ne, 'yata. WBC ɗaya ce daga cikin manyan hukumomin da ke ɗaura wa zakarun damben duniya ɗamara. An haifi Nava ranar 11 ga Afrilu, 1980, a Tijuana (ki furta shi kamar "Tihwana"), birnin da ke manne da iyakar Amurka, daura da San Diego, a jihar Baja California. Gari ne na 'yan dambe, can ne mahaifar Erik Morales. Ita ba da safar hannu ta fara ba. Karate ta soma koya tana yarinya, ta wuce zuwa irin damben nan da ake haɗa naushi da shuri, daga baya ta tsaya a kan hannu kaɗai. A tsakiyar wannan duka ta yi karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Tijuana har ta kammala. Damben kuɗi ta fara shi a 2001, a Honolulu da ke Hawai. Kirarinta La Princesa Azteca, wato Gimbiyar Aztek, su ne mutanen da suka mulki tsakiyar Meksiko kafin zuwan Sifaniyawa.

Sai dai ba za ki gane nauyin ɗamarar ba sai kin san abin da ya gabace ta. Tun wajejen ƙarshen shekarun 1940 akwai doka a birnin Meksiko da ta hana mata hawa dandalin dambe. Wadda ta ja da dokar ita ce Laura Serrano, 'yar dambe kuma mai digirin lauya daga babbar jami'ar ƙasar, UNAM. Da yake gida a rufe yake, sai da ta tsallaka Las Vegas a 1994 kafin ta yi wasanta na farko, kuma aka haɗa ta da Christy Martin, wadda a lokacin babu macen da ta kai ta suna a harkar. Aka tashi canjaras. A 1998 an sa sunanta cikin waɗanda za su yi wasan share fage a daren da Julio César Chávez zai kara da Miguel Ángel González a birnin Meksiko, hukuma ta zaro tsohuwar dokar ta ce ba ta isa ba. Serrano ta riƙe tsarin mulkin ƙasar, wanda ya ce mace da namiji ɗaya suke a gaban doka, ta yi ta bugawa da su har aka janye haramcin a 1999.

Ranar 3 ga Yuli, 1999, a zauren Arena México, wasu 'yan mata biyu masu shekara 19 suka hau dandali a daren farko da doka ta yarda: Ana María Torres da Mariana Juárez. Torres ta yi nasara da ƙyar. Ki riƙe sunayen nan biyu, za su dawo. Su da Nava duk a 1980 aka haife su, kuma rabin tarihin damben mata a Meksiko yana tsakanin su ukun.

To, a farkon 2005 Nava ta ci kambun hukumar WBA na ajin bantam, mai iyakar kilo 53.5. Ranar 30 ga Mayu na shekarar, a Tijuana, ta doke Leona Brown 'yar Amurka da maki a ajin da ke sama da shi, mai iyakar kilo 55.3, aka ɗaura mata koriyar ɗamarar WBC, ta farko da hukumar ta taɓa ba mace. Hukumar kuwa tun 1963 aka kafa ta, a birnin Meksiko ma hedikwatarta take. Shekara 42 ke nan kafin ta tuna da mata.

Amma zan faɗa miki gaskiyata. Zama na farko rabinsa sa'ar lokaci ce. Da WBC ta buɗe ƙofa shekara goma kafin nan, da wataƙila Serrano ko Martin ake kira. Leona Brown kuma ta haura shekara 40 a daren. A duk abin da Nava ta yi a dambe, wannan ɗamara ita ce mafi sauƙin samu.

"Malam, ka cika zuga. Na duba tarihinta: an doke ta sau 4, an yi canjaras 4, har bugun kwaf ɗaya aka yi mata a gaban mutanen garinsu. Floyd Mayweather ya yi wasa 50 ba a taɓa kayar da shi ba. Wannan shi ne zakara. Ni na fi shekara talatin ina kallon dambe."

Yallaɓai, lissafinka daidai ne: nasara 40, faɗuwa 4, canjaras 4. Tun da ka shekara talatin kana kallo, ai ka san yadda ake gina tarihi mai tsabta. Mai shirya wasa ne ke zaɓo wa yaronsa abokan karawa, yau tsohon da ƙafafunsa suka gaji, gobe wanda aka kira saura kwana biyar. Ban ce haka Mayweather ya yi ba, gwani ne na gaske. Na ce dai sifilin da ke gaban sunan ɗan dambe ba ya gaya maka komai sai ka duba su wa ya tsaya gabansu. Matan Meksiko na wancan zamani ba su da wannan gatan zaɓe. Ƙwararrun ba su da yawa a kowane aji, in ana son wasan da talabijin za ta ɗauka, dole gwana ta haɗu da gwana.

Mu ɗauki daren da kake nufi. A watan Mayu na 2006 aka kawo wata 'yar Ajantina mai suna Alejandra Oliveras, ana mata kirari da Locomotora, wato kan jirgin ƙasa. Ba mutane da yawa suka san ta a wajen ƙasarta ba. Hannunta na dama ya karye ana tsakiyar wasa, ta ci gaba da na hagu, kuma da shi ta shimfiɗe Nava a turmi na takwas. Ɗamarar da ko shekara ba ta cika a ƙugun Nava ba ta hau jirgi zuwa Ajantina. Oliveras ta rasu a watan Yulin 2025 tana da shekara 47, bayan bugun jini ya taɓa mata ƙwaƙwalwa.

Bari in gaya maka abin da na sani a kan irin wannan faɗuwa, don ni an taɓa yi mini. Ina saurayi na yi damben sa-kai na 'yan shekaru. Wata rana wani bahago ya same ni a haɓa. Babu zafi ko kaɗan, abin da mutane ba sa yarda ke nan. Ina tsaye ina neman inda zan sa dama, sai kawai na ga kocina a durƙushe yana kwance mini igiyar takalmi, ina tambayarsa yaushe za a fara. Abin da ke tsakani har yau babu shi a kaina. Ciwon yana zuwa ne daga baya, a wajen atisaye. Duk wanda ya motsa kafaɗar hagu sai idona ya rufe da kansa, kafin in yi tunani. Na ƙara wasa biyu, na ga ba ni ba ne, na rataye safar.

Ita kuwa a 2007 ta bi Oliveras har Córdoba, cikin Ajantina, gaban taron da babu mai ƙaunarta a ciki, ta tsaya turmi goma da matar da ta ɗauke mata wuta. Alƙalai suka ce canjaras. Duk wanda ya san yadda maki ke karkata wajen mai gida ya san abin da canjaras ɗin baƙo yake nufi. A 2009 ta sake komawa Ajantina ta kara da Marcela Acuña, wadda ita ce ta buɗe wa matan ƙasar hanyar dambe, ta faɗi da maki. Bayan shekara goma, a 2019, suka sake haɗuwa a Meksiko, aka tashi canjaras.

Sai wasanni biyu na 2011 da Ana María Torres, waɗanda su ne suka sa na fara ɗaukar damben mata da muhimmanci. Torres, wadda ake kira La Guerrera, Mayaƙiya, 'yar Nezahualcóyotl ce a gefen birnin Meksiko, kuma a lokacin tana riƙe da ɗamarar WBC ta ajin kilo 52.2 tana ta kare ta. Ta hauro sama, Nava ta sauko ƙasa, suka haɗu a tsakiya. Na farko a watan Afrilu a jihar Veracruz, canjaras. Na biyu a ƙarshen Yuli a jihar Chiapas, Torres ta ci da 'yar rata.

Ina da wata ɗabi'a da iyalina ke yi mini dariya a kanta. Ba na kallon dambe sai da littafin rubutu irin na 'yan firamare, in ja layi a tsakiya, in kashe muryar mai sharhi don kada ya saye mini ido, in riƙa ba da makina turmi bayan turmi: 10 ga wadda ta ci, 9 ga ɗayar. Wasan Veracruz na kalle shi sau uku. Karon farko na ba Nava 96 da 94, saboda hannunta ya fi sauri, tana sakin uku ko huɗu a jere ta zame gefe. Bayan mako guda na sake kallo ina lura da naushin da Torres ke kaiwa a haƙarƙari, irin wanda ba ya sa 'yan kallo ihu amma yana zare wa mutum numfashi, sai ga shi na tashi da 95 da 95. Shafin yana nan duk gogewa da karce. Wasan Chiapas kuwa na ba Torres, raina bai so ba, amma alƙalamin bai yarda ya yi ƙarya ba.

To ka duba waɗanda suka kayar da ita tana zakara: Oliveras, Acuña, Torres. Dukkansu sun riƙe kambun duniya, Torres ma an shigar da ita zauren karrama gwarazan dambe na duniya da ke Canastota a jihar New York a 2024. Ka kawo mini ɗan dambe mai sifili da ya yarda ya shiga da irin waɗannan ukun sau biyu-biyu, wasu har a gidajensu, sai mu zauna.

"Me ya sa turmin mata minti biyu ne, na maza uku?"

Ƙa'ida ce, ƙanina. Wasan kambu na mata turmi 10 ne na minti biyu, na maza 12 na minti uku. Wato mace tana da minti 20, namiji 36. WBC, a ƙarƙashin Mauricio Sulaimán, ta kafe a kan cewa kariya ce daga raunin ƙwaƙwalwa. 'Yan dambe mata da yawa suna cewa gajeren turmi yana hana su ƙarasa abokiyar karawa in ta jigata, kuma ana fakewa da shi a rage musu kuɗi. Amanda Serrano 'yar Puerto Rico (ba ta da dangantaka da Laura) ta yi turmi 12 na minti uku a Oktoban 2023, WBC ta ƙi amincewa, ita kuma ta ajiye musu ɗamararsu. A nawa ganin, minti biyu ya yi wa Nava daidai, don mai saurin hannu ce. Mai bugun ciki irin Torres ce aka tauye.

"Malam, ni uwa ce mai 'ya'ya mata huɗu. Abin da nake son sani, irin wannan mata tana aure kuwa? Tana haihuwa? Ko dai damben ya cinye rayuwarta?"

Hajiya, tana da aure, kuma mijin nata shi ne kocinta, shi ke tsaye a kusurwa da tawul da gorar ruwa. 'Ya'yansu mata biyu. Kafin kowane wasa hukumomin dambe suna gwada mace don a tabbatar ba ta da juna biyu, in tana da shi babu maganar hawa dandali.

Haihuwa ita ce inda yawancinsu ke tsayawa. Torres ta bar dambe a 2012 tana kan ganiyarta da ɗamara a hannu, ta koma ga iyali. Nava ta tafi hutun haihuwar fari a wannan shekarar, ta yi kusan shekara biyu ba ta yi wasa ba. Ke kin fi ni sanin abin da ciki da goyo ke yi wa jiki. Ki ƙara da cewa ana gobe wasa dole ta hau sikeli a gaban jama'a, kada ta wuce kilo 55.3 ko da nauyin cokali. Ta dawo a 2014 ta karɓi kambun WBA, a watan Satumba kuma ta doke Alicia Ashley, haifaffiyar Jamaika mai wuyar kamu kamar tarwaɗa, ta maido koriyar ɗamarar da Oliveras ta tafi da ita shekara takwas baya.

Daga nan ta shiga siyasa. A 2015 ta tsaya takara a jam'iyyar PAN, ta ci kujerar majalisar wakilai ta tarayya daga wata mazaɓa a Tijuana. Majalisar tana da kujeru 500, wa'adinta shekara uku ne, ta zauna har 2018. A nan kam ba zan yi mata kirari ba. Jam'iyyun Meksiko sun saba ɗauko fitattun 'yan wasa don sunansu ya jawo ƙuri'a, kuma iya dambe ba iya yin doka ba ne. Da wa'adin ya ƙare ta koma kacokan inda ta fi ƙwarewa.

"Irin waɗannan suna samun kuɗi kamar su Canelo?"

Ko kusa. Saúl "Canelo" Álvarez, fitaccen ɗan damben Meksiko, yana karɓar miliyoyin daloli a dare ɗaya saboda a Amurka ake sayar da kallon wasansa. Su Nava abincinsu yana wajen tashoshin gida ne, TV Azteca da Televisa, masu nuna dambe kyauta a daren Asabar. Wannan ya sa kowane gida ya san fuskarsu, har mace kan zama ita ce babban wasan dare, abin da a Amurka ba a saba gani ba a lokacin. Amma da kuɗin peso ake biyansu, daga ciki kuma koci ya ɗauki kasonsa, manaja ya ɗauka, a biya abokan atisaye, hukumar da ke da ɗamara ita ma ta karɓi nata. Sai a Afrilun 2022, da Katie Taylor ta Ailan ta kara da Amanda Serrano a Madison Square Garden, aka ga mata biyu kowace ta tashi da dala miliyan ɗaya ko fiye. Nava tana da shekara 42 a lokacin. Kasuwar ta buɗe ne ita tana naɗe tabarma.

"Baba, akwai 'yar Afirka da ta taɓa karawa da waɗannan matan? Kuma yanzu ina Nava take, tana dambe har yau?"

Akwai, ɗana. Catherine Phiri 'yar Zambiya ta je har Meksiko a Janairun 2016 ta ƙwace ɗamarar WBC ta ajin bantam daga hannun Yazmín Rivas. Wadda ta karɓo wa Meksiko ita ita ce Mariana Juárez, yarinyar nan da ta faɗi a daren farko na 1999. Kirarinta Barby. Ta riga ta riƙe kambun ajin kilo 50.8 tun 2011, da ta doke Simona Galassi 'yar Italiya. Ranar 1 ga Afrilu, 2017, aka kafa dandali a Zócalo, babban filin da ke tsakiyar birnin Meksiko, gaban fadar gwamnati, kowa ya zo ya kalla kyauta, ta doke Phiri da maki. A birnin da shekara 19 kafin nan aka hana Laura Serrano hawa dandali.

Shekaru aka yi ana cewa a haɗa Juárez da Nava, ana sa rana ana ɗagawa. Bai yiwu ba sai ranar 30 ga Oktoba, 2021, a Tijuana, kowaccensu tana da shekara 41. Na zauna da littafina ina tsoron abin da zan gani, don na sha kallon tsofaffin zakarun da suka makara, ƙafa ta tsaya, sai rungume-rungume. Ba haka ta kasance ba, aƙalla ta ɓangare ɗaya. Juárez ta fi tsawo, amma Nava tana shiga ta saki nata ta fice kafin a mayar mata. Wajen turmi na shida na lura layin Nava a shafina goma-goma ne daga sama har ƙasa. Alƙalai uku duka ita suka ba, da rata mai faɗi.

Ta yi wasanta na ban kwana ranar 1 ga Oktoba, 2022, nan dai Tijuana, da Gloria Yancaqueo. Ta ci da maki, nasara ta 40 ke nan, shekara 21 bayan Honolulu. Da na rubuta sunan abokiyar karawar a saman shafi sai na tsaya na sake duba ƙasarta. 'Yar Ajantina ce.